Rijiyar Yayana

A shekarun fari, rijiyoyin ƙauyenmu na wajen Bagwai duk sun ƙafe. Ta bakin masallaci ce ta ƙarshe. Mata su zura guga, ya fito da ƙasa. Sai an je wani gari da jaki kafin a sha, can ma da faɗa. Mutane suka fara ɗaure kaya suna tafiya Kano.

Yayana mahaƙin rijiya ne, sana'ar da ya gada daga mahaifinmu. Ni ke riƙe masa igiya, ni ke jawo ƙasa. Ya ce ba zai bar gonar ubansa ba. Zai ƙara wa rijiyar zurfi har ta ba da ruwa.

Aikin yana da ƙa'ida. Kafin mutum ya sauka, ana zura fitila a cikin kwano. In ta ci gaba da ci, a shiga. In ta mutu, babu iskar shaƙa a ƙasa. Sai a ɗaure damin ganye a igiya, a yi ta saukarwa ana jawowa da ƙarfi har iska ta shiga. To, a shekarar nan babu ganye. Awaki sun cinye na ƙasa, masu shanu sun sassare na sama. Muka gwada tabarma, muka gwada tsohon bargo. Ba su yi aikin ganye ba.

Duk da haka Yaya ya yi ta haƙa. Kullum ya fito idonsa jajur, kansa na sara, wani lokaci ya yi amai. Matarsa ta kan kawo mana kunun dusa.

"Kai ƙanin miji," in ji ta, "riƙe igiyar nan da kyau. In ka sakar mini shi, ɗakinka zan tare."

"Wa zai iya da cinki? Ko fara ba ta kai ki ɓarna ba."

Yaya ya yi dariya har tari ya kama shi.

Wata yamma ya turo kwando da ƙasa mai danshi. Na dunƙula, ta zauna a hannuna. Tsofaffi suka riƙa karɓa suna shinshinawa. Wata tsohuwa ta sa a baki.

Da safe muka zura fitila, ta mutu. Muka sake kunnawa, ta sake mutuwa tun ba ta kai ƙasa ba.

Na ce, "Yaya, fitila ta ƙi."

Ya ce, "Fitila ba ta da 'ya'ya."

Liman ya matso. "Ka bari zuwa gobe, Malam. Jikinka ma ya gaji."

"Allah ya gafarta Malam, gobe wa zai rage a garin? Jiya na ji sanyin ruwan a tafin ƙafata."

Ya ɗaura igiya a ƙugu da kansa. Ya ce in ba za mu riƙe ba, zai ɗaure a itace ya sauka. Muka riƙe.

Muna jin ƙarar diga daga ƙasa. Da farko da sauri. Sai ta riƙa jinkiri. Na kira shi, ya amsa. Na sake kira, ya ce, "Ya zo." Bai ɗaga murya ba, kamar mai gaya wa iyali baƙo ya iso. Daga nan shiru.

Muka ja. Ya fito kansa a langaɓe, ƙafafunsa jiƙe da laka har ƙwauri. Aka yi fifita, aka yi addu'a. Kafin azahar ya cika, a nan bakin rijiyar.

Da la'asar guga ya fito da ruwa, ja, mai kauri. Muka tace da tsumma. Da shi aka yi masa wanka. Bayan an kai shi, mutane suka yi layi da tuluna. Waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Ni ma na sha. Babu wani ruwan.

Ban sake riƙe wa kowa igiya ba. Wanda ke cikin hayyacinsa in ana jawo shi yana taka bango da ƙafa, yana rage maka nauyi. Ranar nan babu abin da aka rage mana. Yanzu ko akuya na ja ta turje, sai in ji nauyin nan ya dawo mini a kafaɗa, in tsaya har ya wuce.