Ranar da Na Waiwaya

Ina koyarwa a firamare ta garinmu, Rurum Tsohon Gari, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. A kwanakin nan duk majalisar da ka zauna magana ɗaya ce, wai lokaci ya yi da mutanen kirki za su fito su riƙe al'amura. Samarin unguwarmu suka yi ta sintiri a zaurena suna cewa ai ni ne mutumin kirkin. Ban yi musu gardama ba. Wa ke gardama da mai yabonsa? Na ajiye alli, na rubuta takardar barin aiki, na fito neman kujerar kansila.

Yayana shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Shi ya tsaya a gona don ni in tafi makaranta. Mutum ne marar yawan magana. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya na gaya masa.

"Aikin fa?" ya tambaye ni, bai ɗago ba.

"Na bari, Yaya."

"To. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin sa albarka, na tashi ina murmushi.

Zaɓen fid da gwani na jam'iyyarmu 'yar tinƙe aka yi. Ɗan takara ya tsaya, magoya bayansa su yi layi a bayansa, a bi a ƙirga kawuna. A garinmu kuwa akwai dabarar da kowa ya sani: gida raba kansa yake yi. In maza huɗu ne, biyu su tsaya nan, biyu can, domin duk wanda ya ci ta hannunsa takin gwamnati zai biyo, kada gidan ya tashi a tutar babu. Ni kaina na taɓa yin haka. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne za a yi shi a kaina.

Kafin a fara, wani dattijon jam'iyya ya matso kusa da kunnena. "Malam, ɗan takara ba ya waiwaye. Ka dubi gabanka har a gama ƙirga. Garin nan za ka ci gaba da zama."

Na ce to. Amma da na ji hayaniya ta fi yawa a ɓangaren abokin takarata, wani mai sayar da hatsi, sai wuyana ya ƙi jin magana. Na waiwaya. Layina bai kai rabin nasa ba, wannan kam zan iya haɗiyewa. Amma ga Yaya can a layinsa, na huɗu daga gaba, ya goya hannu a baya kamar mai jiran a ta da salla. Muka haɗa ido. Bai sunkuyar da kai ba.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, mutane suka yi ta zuwa jaje sai ka ce mutuwa aka yi. Har waɗanda na gani da idona a wancan layin sun zo, na kuma amsa musu. Da hantsi Yaya ya iso, ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma ya miƙo mini hannu. Na tashi na shige gida, na bar hannunsa a miƙe a gaban jama'a. Duk abin da na yi a rayuwata babu wanda ya kai wannan muni.

Manyan jam'iyya suka ce in yi haƙuri, za a tafi da ni. Tafiyar dai ita ce daga gida zuwa bencin ofishin jam'iyya a Rano, in wuni, in dawo. Samarin nan kuwa sun koma zauren mai hatsi, su ma ba laifinsu, inuwar da ta fi sanyi suka bi. Aka laƙaba mini "kansila mai jiran gado", tun ina jin daɗi har na gane tsokana ce. Na sauya jam'iyya. Na riƙa bin taro har Kibiya ina riƙe lasifika, ina yabon mutanen da ba su san sunana ba. Da zaɓe ya sake zagayowa ko layi ba a yi ba, aka kira ni ɗaki aka ce in janye don maslaha. Aikin koyarwa kuma na nema na rasa.

Duk shekarun nan tsakanina da Yaya sai "ina kwana", "lafiya". Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ban taɓa tambayar kaina daga ina tuwon da nake ci yake fitowa ba, alhali ban noma ko kunya ɗaya ba. Wata rana na yi wa maiɗakina faɗa a kan tuwo ya yi ruwa, ta ajiye muciya ta dube ni.

"Malam, ka daina raina tuwon nan. Tun shekarar da ka faɗi, dawar Yaya muke ci. Ta kan katanga matarsa ke miƙo mini, ya ce kada a gaya maka. Takin da ya samu a wancan layin, da shi ya noma ta."

Kunya ta rufe ni, na kasa gama cin abincin. Duk da haka ban je ba. Na ce sai na tsara abin da zan faɗa. Na ce bayan salla. Na ce bari a gama girbi, yanzu ba shi da sukuni. Girman kai ba ya rasa uzuri.

Ana cikin yankan dawa ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibiti a Rano. Na same shi da safe a kwance, baki ya karkace, matarsa na zaune a gefen gado tana yi masa fifita. Duk jawabin da na tsara ya gudu. Na durƙusa na kama hannunsa mai lafiyar.

"Yaya, ni ne. Ka yafe mini, don Allah."

Ya dube ni. Sannan leɓensa ya yi ta motsi, wani sauti yana fita, ya tsaya ya huta, ya sake farawa. Magana ce mai tsawo, yana ta wahala da ita har zufa ta keto masa. Na kai kunnena dab da bakinsa, ban tsinci ko kalma ɗaya ba.

"Ya ce ya yafe," in ji matarsa, tana share hawaye da gefen mayafi.

Allah ya saka mata da alheri, tausayina ta ji. Amma ni na fi ta kusa da bakinsa, kuma "na yafe" ba ta da wannan tsawon. Mutumin da bai cika haɗa jimla uku a jere ba, ranar yana da abin da zai gaya mini da yawa. Bayan kwana biyu ya rasu.