Matar da Ta Ƙi Faɗin Sunan Hauwa

Jama'a, na daɗe ina shakkar rubuta wannan abu, domin ni mutum ne da ba na son faɗin abin da ba ni da hujjarsa, amma wallahi ya faru da ni, kuma ba zan ƙara masa komai ba.

Shekarun baya ne, ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kudu, ban jima da gama jami'a ba. Matata Hauwa tana da cikin fari, ta tafi goyon ciki garin Sara, wajen Goggo Dije, ƙanwar babanta da ta rene ta. Lokacin haihuwa ya zo ya wuce shiru, hankalina ya tashi, na yi ta waya ina roƙo har Goggo ta yarda ta kawo ta asibiti.

Sun iso bayan azahar. Aka duba ta, wata nas da kowa ke ce wa Sista ta kira ni ta ce bakin mahaifa bai buɗe ba, da yamma za a saka mata wata 'yar ƙwaya da ke tausasa shi, naƙuda ta taso a hankali. Na yi ta jero tambayoyi har ta yi dariya ta ce, "Malam, kai za ka haihu ko ita? Je ka sha iska."

Na yi la'asar, na zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, rana tarwai, mutane na ta wucewa. Sai na ga wata mata a ɗaya ƙarshen bencin, ban ga zuwanta ba, ko da yake mai yiwuwa tunani ne ya ɗauke ni. Matashiya ce, siririya, da baƙin zane irin na dā. Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, ka je ka gaya musu kada su ƙara mata. Ta riga ta sha."

Na ce, "Baiwar Allah, wa kike nufi?"

Ta ce, "Waccan ɗin."

"Hauwa?"

Sai ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Ka dai je."

Na zauna ina wasiwasi, kada in shiga ɗakin mata da maganar da ban san tushenta ba a yi mini dariya. Amma na kasa zama. Na sami Goggo a baranda na ce, "Goggo, don Allah, an ba ta wani abu a gida?"

Ta ce, "Kunu mana! Ko shi ma sai likita ya rubuta?"

Na ce ban da kunu. Can sai ta kwance bakin zane ta fito da ragowar ƙwaya. Wai a wani kemis ta saya, ta ba Hauwa ta sha lokacin da suke cikin mota, don ta huta da wuri. Na kai wa Sista, ta duba, ta yi salati, ta ce ai ita ce dai ƙwayar da za su saka. Suka koma kan Hauwa, ashe ciwo ya fara kama ta, ta danne don kunya. Sista ta ce da an ɗora wata a kan wannan, ana iya rasa ɗan, mahaifa ma tana iya fashewa. Aka fasa, aka sa mata ido, washegari da hantsi ta sauka lafiya, mace.

Sai a ranar Goggo ta tambaye ni wa ya gaya mini, tunda babu wanda ya gani, Hauwa kuwa ba ta fita ba. Na kwatanta mata matar, wadda da na koma bencin ban tarar ba, mai sayar da fura a wurin kuma ya ce ni kaɗai ya gani zaune. Goggo ta ce, "Da wane suna ta kira ta?" Na ce ai ƙin faɗa ta yi, har da rufe baki. Sai ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta ce a wurinsu uwa ce kawai ba ta kama sunan 'yar fari, Hauwa kuwa 'yar fari ce, kuma uwarta ta rasu tun Hauwa tana rarrafe. Ba ta sake tada zancen ba, ni ma ban matsa ba.

Ban ce ita ce ba, Allah ne masani, mamaci ba ya dawowa. Wataƙila wata ce ta hango su a mota. Amma har yau in na tuna yadda ta ja mayafin nan, sai tsikar jikina ta tashi.

Abin da zan roƙe ku, duk mai kai mace haihuwa ya faɗa wa ma'aikata duk abin da ta sha, ko da jiƙo ne, kada ku bari kunya ta rufe muku baki. Ba kowa ne za a zo a zauna kusa da shi a benci ba.