Ƙwari Sun Ci Waken Zara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata, malamar kimiyya a wata sakandare a nan Maiduguri. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi mata in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, kuma wake ne ya jawo.

Ni ɗan kasuwa ne, ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Na kwana a tashoshin Legas, na sha shayi a Njamena, na taɓa sauka a Kumasi da jakar wani. Ita kuwa tafiyarta mafi nisa daga gidanmu na Dala zuwa makaranta ce. Amma in na dawo na baje labari a tsakar gida, ita ke tare ni: "Da idonka ka gani, ko a mota aka gaya maka?" Rabin labaraina a nan suke mutuwa.

Haka take yi wa ɗalibanta. Duk wanda ya kai aji biyar sai ya yi rubutun bincike na kansa, ya zaɓi tambaya, ya gwada, ya rubuta abin da ya samu. Sharaɗinta shi ne tambayar ta fito daga gidanku ko layinku, abin da za ka iya ɗaukowa ka kawo mata ta taɓa. Shi ya sa ranar Asabar gidanmu ke cika da tarkace. Wani yaro ya zo da randa da jarka, yana son sanin wacce ta fi riƙe sanyin ruwa. Wata ta kwaso turaren wutar kakarta, wai ko da gaske yana korar sauro. Ya Falmata ba ta ba yaro amsa. Tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale, tana jefa tambaya: sau nawa ka gwada? Me ka bari a gefe ba ka taɓa ba, don ka kwatanta? In yaro ya zo yana ɓata fuska wai gwajinsa bai fito ba, sai ta ce, "Ya fito mana. Abin da kake so ne bai fito ba. Je ka rubuta."

'Ya ɗaya ta bari, Zara, tana hannuna a unguwar Maisandari. Bana ta shiga aji biyar a wata makarantar kuɗi, aka ce su ma su yi rubutun bincike, wanda ya fi kyau a tura shi baje kolin kimiyya na makarantu. Yarinyar nan ta sa rai ƙwarai. Ta ɗauko abin da duk matan unguwarmu suka yarda da shi, wai ganyen dogon yaro a cikin wake yana hana ƙwari. Ta sayo wake a kasuwa, ta rarraba a gwangwanaye, wasu da ganye wasu babu, ta jera a ɗakin ajiya, ta kafa doka kar kowa ya taɓa, har ni da na gina ɗakin.

Da zangon karatu ya zo ƙarshe ta buɗe. Ƙwari sun cinye duka. Masu ganyen ma ka ce miya aka haɗa musu. Haka ta rubuta, ta ƙara da cewa tana zargin tun daga kasuwa ƙwan ƙwarin ke cikin waken.

Malaminsu ya dawo mata da takardar. Wai ta gyara lambobin ta nuna ganyen ya yi aiki, don haka intanet ta ce, kuma alƙalai ba sa son binciken da ya faɗi. In ba ta gyara ba, ba za a tura ta ba.

Na hau keke na tafi makarantar da kaina. Ina shiga ofishin malamai wani mai gemu ya miƙe da sauri. Na dube shi, na sake dubawa. Modu ne, yaron nan mai randa da jarka, ya girma ya zama malamin kimiyya.

"Wushe, Alhaji!" ya yi mini sannu da harshen garinmu. "Allah ya jiƙan Malama."

"Amin. Modu, a tsakar gidanmu aka koya maka gyaran lamba?"

Ya sosa ƙeya. "Alhaji, lokacin Malama daban ne. Yanzu mai makaranta kofi yake so a ajiye masa a ofis, iyaye su gani. Lamba biyu kawai za ta canza fa. Wa zai je ya ƙirga ƙwari?"

"Zara ta ƙirga," na ce.

Don ya nuna mini irin aikin da ake so, sai ya jawo rubutun wani yaro da ke kan gaba. Bangon roba mai sheƙi, hotuna masu kala. Binciken a kan cutar ganyen bishiyar goro ne, a gonar mahaifinsa da ke Mafoni. Mafoni fa, jama'a, unguwar cikin garin nan, inda keke biyu sai sun yi wa juna sallama kafin su gifta. Kowa a garin nan ya san goro a buhu yake iso mana. Aikin wani aka kwafo, yaron ya canza sunan gari a shafin farko, ya manta a tsakiya an rubuta cewa ruwan sama ba ya ɗaukewa kusan duk shekara. Na ɗora yatsa a kai. Modu ya karanta, ya yi dariya, ya ce za a gyara wannan shafin.

Dariyar nan ce ta fi komai ƙona mini rai. Na ci abinci a wuraren da ba zan faɗa a jarida ba, ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar ba.

Ina ta tunanin me Ya Falmata za ta ce da ta ga yau. Ba na jin za ta zagi waya ko kwamfuta, mace ce mai son sabon abu. Abin da zai kwantar da ita shi ne ganin uba da rawaninsa yana layi a shagon kwamfuta, yana zaɓar wa ɗansa bincike kamar mai zaɓen shadda, malami kuma ya karɓa ya sa hannu. Yaron da ya saba rubuta sakamako kafin gwaji, gobe shi ne zai auna jininka a asibiti, shi zai ce ruwan rijiyar burtsatsen unguwarku lafiya lau ne. Mu ne kuma za mu sha.

Na dawo gida na faɗa wa Zara yadda muka yi, ban ƙara ban rage ba, na ce ba zan tilasta mata ba. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"Kawu, in na canza za a tura ni?"

"Ina jin za a tura ki."

"In aka tambaye ni a can yadda na yi fa?"

"Sai ki shirga musu ƙarya, ki gyara murya."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Washegari ta mayar da takardar yadda take. Aka ba ta ɗan makin da ba ya kai mutum ko'ina, goron Mafoni ya tafi baje koli. Har yau in aka yi maganar sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Ba a sa wa ko aji ɗaya sunan Ya Falmata ba. Ɗaliban da ta sha wahala a kansu, wasu sun riƙe, wasu ga yadda suka koma. In na zauna ina auna abin da ya rage nata a duniya, sai in ga bai da yawa, kuma wannan na ci mini rai. Amma a makon nan wata maƙwabciyarmu ta dawo daga Biu, ta aiko da ƙullin sabon wake daga gonar ƙaninta, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Ashe Zara ce ta roƙe ta tun kafin ta tafi. Ta wanke gwangwanayenta, ta shanya ganye, za ta sake daga farko. Ba wanda ya sa ta, kuma babu makin da za a ba ta.

Allah ya yi miki rahama, Ya Falmata, ya sanyaya makwancinki. 'Yarki ta faɗi a makaranta, ni kuwa ban taɓa alfahari da ita kamar bana ba.