Kwaɗo a Bakin Rijiyar Hajara

Hajara Nuhu tana da shekara hamsin da takwas, kuma kunun zaki take sayarwa a bakin titin Abuja, a Gonin Gora. Da ruwan rijiyar da marigayi mijinta ya haƙa take jiƙa gero tun tana amarya.

Bara guga ya fara fitowa da warin fetur. Tankin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan mai ne ya yi yoyo, man ya bi ƙasa har ya tarar da ruwan unguwa. Direbobi suka daina tsayawa. Ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, amma har yanzu sai an shinshina kofin kafin a sha.

Ana nan sai ga Debby, injiniyar da aka turo gyara. Ta zura bututu a rijiyar, aka haɗa injin hura iska. Ta ce akwai ƙwayoyin halitta a ƙasa masu cin mai, iska da ɗan taki kawai suke so. Idan suka mutu a nan, sai dai a cike rijiyar da ƙasa.

"Mama, ko ɗigon maganin kulorin kada ya shiga, zai kashe su."

Nan hankalin Hajara ya tashi, domin damina ta kama. Maƙwabcinta Baba Sylvanus, tsohon ma'aikacin lafiya, shi ke zagaya gidaje duk shekara yana zuba kulorin a rijiyoyi saboda amai da gudawa. Ba ya neman izini, kuma ba a taɓa hana shi ba. Ita kuwa a bakin titi take wuni.

Ta same shi a ƙofar gida ta yi masa bayani.

"Maman Kabiru, yanzu ƙwayoyin cuta kike kiwo? Me ya samu kaji?"

"Ba na cuta ba ne, Baba. Aiki suke min."

"Haka yarinyar ta ce? Kin gan su?"

Ba ta gan su ba. Warin ma ba ta iya rantsewa ya ragu. Ya yi dariya, bai ce ya yarda ba.

Jiya da safe ta hango shi da bokitinsa a layin bayansu. Ta sauke kular kunu, ta sa wa murfin rijiyar kwaɗo, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta, sannan ta fita titi.