Tsutsotsi Bakwai na Kangon Koki

Jama'a, wallahi ba ji na yi ba, ni abin ya faru da ni, shekarun baya ina koyar da kimiyya a wata sakandare kusa da Gwammaja.

Da damina na bi ta wani kango a Koki, gidan da ya daɗe ba kowa, sai na ga wasu ƙosassun tsutsotsi kore shar a jikin wata fulawa, kowace da ɗigo biyu shuɗi kamar idanu. Na kwashi bakwai a kwali don ɗalibai su ga yadda halitta ke juyawa. Ina ba tsutsotsin ganye har suka daina ci, suka shige ƙasar da na zuba musu suka ƙame, bayan kamar sati uku, guda shida suka fito da fukafukai, kore da ruwan hoda, zane kamar aikin riga. Na duba littafi na gane su, dangin malam-buɗe-littafi ne masu tashi da magariba. Sai na soke ɗaya da allura a kwalin gilashi.

Ranar da la'asar wata tsohuwa ta yi sallama a zaurena, ban taɓa ganin ta ba. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba ta ce, "Malam, bakwai ka ɗauka a gidana."

Na ce, "Baba, ai shida suka rayu."

Ta ce, "Ta bakwan sai jibi. Wadda ka soke kuwa, me ta yi maka?"

Ta juya ta fita. Kafin in sa takalmi in bi ta, lungu fayau. Ni kuwa ko matata ban gaya wa inda na samo su ba.

Na koma ciki, na tarar allurar na tsaye cak, gilashi a rufe, ba komai a jikinta sai ɗan garin fiffike. Na saki biyar ɗin. Jibin, ta bakwan ta fito. Da na tambayi maƙwabtan kangon labarinta, wani dattijo kallona kawai ya yi ya ce in yi sadaka.

Har yau ban san wace ce ba, kuma ban sake bin lungun ba. Don Allah, kangon da kuka ga ba kowa, ku yi sallama kafin ku shiga, abin da kuka tarar da ransa ku bar shi da ransa.