Layin Dogo na Ƙarshe

A ofis Anti Ja suke kiranta, a bayan idonta dai. Aikinta kula da gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta. Duk wanda ya ƙara wani abu a manhajar kamfanin, sai injin ya bi ya duba, allon bango ya nuna kore ko ja. In ja ne, aikin kowa ya tsaya. Ba ta yarda a sake danna gwajin don neman sa'a.

"Gwajin da zai faɗi yau ya wuce gobe maƙaryaci ne," haka take cewa, tana kurɓar shayin da ya huce tuntuni.

Amma akwai maƙaryaci ɗaya da take rufa wa asiri: gwajin shafin shiga manhajar. Mijinta Dogo ne ya rubuta shi, a teburin da ke kallon nata, kafin ya rasu bara. Ya sa injin ya ɗan dakata kafin ya duba shafin. In intanet na gudu, lafiya lau. In ya yi nauyi, sai ja, ita kuwa ta faki ido ta sake dannawa.

Gyaran ba wuya. Sai dai injin yana ajiye sunan wanda ya taɓa kowane layi na rubutun manhajar a ƙarshe, kuma duk layukan Dogo an sauya su, saura nan. In ta gyara, sunansa ya tafi.

Ran nan shugaban sashe ya jawo kujera kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Anti, gwajin nan ya hana mu motsi. Wallahi na san na waye. In ba za ki iya ba, ni zan taɓa shi."

"A'a, bar mini kayana."

Ta buɗe. A ƙarshen layin Dogo ya bar ɗan rubutu: zan gyara daga baya.

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye. "Haka ka ce game da famfon kicin," in ji ta a hankali. Kewarsa ta taso mata.

Ta sa injin ya jira sai shafin ya bayyana, komai daɗewarsa. Ta goge har da alkawarin, tunda an cika shi. Allo ya yi kore, ya kuma zauna a kore. Sunanta ya hau inda nasa yake.

Da aka tashi, ta biya ta shagon mai gyaran famfo.