Mahfuza da Takardar Ɗage Allura

Duk mai cin tuwo a Al Sabkha, unguwar 'yan kasuwa a can ƙasar Larabawa, ya san hannun Mahfuza, ko da bai san fuskarta ba. A gidansu na Al Karama take girki, mijinta Abdulganiyyu ya kai kulolin ofishinsa na kago, inda ake aika kaya zuwa gida, 'yan kasuwar Kano su cika ciki kafin su wuce unguwar Port Saeed duba kaya.

'Yar Fagge ce, karatunta bai wuce aji uku na sakandare ba. Turancin asibiti kuwa a bakin gadon 'yarta Fiddausi ta koye shi, shekara biyu cur, lokacin da yarinyar ke jinyar sankarar jini. Ba ta barin likita ya fita da kalmar da ba ta gane ba. "Shwaiya shwaiya, a hankali likita, maimaita min," haka take cewa har sai ta fahimta.

Da Fiddausi ta samu sauƙi, tana da shekara shida, aka je sa ta makaranta. Nan aka duba katin rigakafinta aka ga babu allurar ƙyanda ta biyu. Nas ɗin makarantar, Rosaline, 'yar Zonkwa ce, sai ta juya harshe zuwa Hausa.

"Maman Fiddausi, katin nan bai cika ba fa."

"Na sani, Sista. Wata biyu ke nan da gama maganinta, garkuwar jikinta ba ta dawo ba. Likitanta ya ce irin wannan allurar sai an jira. Ki faɗa min takardar da kuke so, in kawo."

Rosaline ta rubuta mata abin da ake buƙata: wasiƙar likita mai hatimi, da dalili, da lokacin da za a sake dubawa. Wasiƙar farko ba ta ambaci lokacin ba, aka dawo mata da ita. Mahfuza ba ta yi ƙorafi ba. Ta sauke tukunya, ta hau jirgin ƙasa ta koma asibiti, ta zauna a ƙofar likitan har ya gyara. Ranar Litinin Fiddausi ta shiga aji.

Labari ya bazu cikin matan unguwa cewa Mahfuza ta samo takardar da ke hana allura. Wata ranar Asabar sai ga maƙwabciyarta Umma, mai 'ya'ya biyu a makarantar, ta same ta tana tankaɗe.

"Yaya Mahfuza, ara min wasiƙar nan in ga yadda aka rubuta. Ni ma ba na son a tsira wa yarana allura. Kin ji abin da ake turowa a waya."

Mahfuza ta ajiye rariya. "Umma, ciwon me suke yi?"

"Lafiyarsu ƙalau."

"To alhamdu lillahi. Ni da tawa lafiyarta ƙalau, da ni ce farko a layi. Kin san Halliru ɗanki benci ɗaya suke zama da Fiddausi? In ya ɗauko ƙyanda, shi mai yiwuwa ya kwanta sati ya tashi. Ita kuwa ba ni da tabbas. Allurar ɗanki ce za ta tsare min 'yata."

Umma ta ce ita dai tsoro take ji.

"Tsoro ba laifi ba ne. Rubuto duk tambayoyinki, mu je wurin Sista tare. In amsar ba ta gamsar da ke ba, mu wuce wurin likita. Amma wasiƙa, khalas, magana ta ƙare, ba zan bayar ba."

Tambaya tara Umma ta rubuto, Rosaline ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai da Umma ta ƙara sati biyu tana juya maganar da mijinta kafin ta kai yaran aka yi musu allurar.

Bayan wata bakwai likita ya gwada jinin Fiddausi ya ce yanzu babu matsala. Mahfuza da kanta ta riƙe mata hannu aka yi allurar, yarinyar ta yi kukanta na minti ɗaya ta nemi alawa. Yanzu tana aji biyu, ta fi kowa surutu a motar makaranta.